Shekarar da Na Koya wa Malamina Turanci

Makon jiya wani ɗan maƙwabcina da ya gama kwalejin horon malamai ya zo gaishe ni a nan Talatar Mafara, shi da abokansa biyu. Bayan mun gama gaisuwa na tambaye shi aiki, ya ce an ba shi aji huɗu, kuma Turanci aka ɗora masa. Na ce to, yaya ka ga abin? Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Baba, ai koyad da Turanci ba wani aiki ba na. Ka rubuta musu ga allo, su kwahe, ka bi littattahai ka sa hannu." Abokansa suka gyaɗa kai. Na dubi hannun rigunansu, ko ɗigon alli babu. Ban yi masa faɗa ba, don ni ma da irin wannan bakin na fara. Amma tun da suka tashi maganar take cin raina, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku, ku samarin da kuke ganin aikin nan kamar shan kunu ne.

A Bakura na koyi aikin. Kwaleji takarda ta ba ni, aikin kuwa Hedimasta Bala ne ya koya mini shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, in ya kira sunan yaro har bakin kasuwa ana ji. Ranar da na fara zuwa, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya miƙo mini tsofaffin baturan tocila da ɗan turmi, ya ce in je in yi wa allona baƙi. Na zaci wasa yake yi. Ashe haka ake yi: a fasa batir, a daka baƙin cikinsa, a kwaɓa da ruwan ƙaro, a shafe allon da tsumma, a bar shi ya sha iska. Duk Juma'a bayan an tashi haka muke yi, mu koma gida da hannu kamar na maƙeri. Alli sai an karya shi biyu kafin a ba ka, guntun da ya rage kuma ka mayar cikin gwangwani. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a jikin bishiyar dogon yaro. Sai littafin shirin darasi, wanda ba ka shiga aji sai hedimasta ya duba shi, da jan biro guda ɗaya da ake sokewa a aljihun gaba. Kayan aikin ke nan gaba ɗaya.

Darasina na farko a kan aikatau ne, wato kalmomin aiki. Na rubuta ma'anarsa da Turanci a allo da rubutu mai kyau, ina faɗa yara suna rerawa a bayana har rufin kwano yana amsawa. Na fito ina jin kaina. Ashe Hedimasta Bala yana tsaye a bayan taga tun farko. Ya kira wata yarinya daga ajin ya ce ta faɗa masa da Turanci cewa jiya ta ci tuwo. Yarinya ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta. Ya sallame ta, ya juyo gare ni ya ce, "Malam Umaru, waƙa kak koya musu. Waƙa kuwa ko aku ya iya ta."

Sai ya ɗauki kara ya zana da'ira uku a filin makaranta, kowacce ta isa mutum ya tsaya a ciki. Ya ce wannan jiya, wannan yau, wannan gobe. Ya fito da ajin duka suka yi layi. Shi zai kira aiki ɗaya, yaro ya yi tsalle ya faɗa cikin jiya ya faɗi yadda Bature yake faɗarsa in ya riga ya wuce, ya tsallaka yau ya sake faɗa, ya dira gobe. Wanda ya kuskure ya koma bayan layi. Yara suna ta shewa, ni ina gefe kunya kamar ta kashe ni. Kafin a kaɗa ƙararrawa yarinyar nan ta ci tuwonta na jiya da Turanci.

Ga inda gizo yake saƙar, don ku gane. Mu a Hausa aikin yana nan yadda yake, ɗan abin da ke gabansa ne yake ɗaukar lokaci: na dafa, zan dafa, nakan dafa. Dafa bai motsa ba. Shi kuwa Bature aikin da kansa yake canza wa riga. Yawancinsu masu biyayya ne, in abu ya wuce sai a liƙa musu 'yar wutsiya, cook ya zama cooked, shi ke nan. To amma akwai masu taurin kai, kuma su ne waɗanda baki ya fi kamawa kullum: tafiya, ci, sha, saye, gani. Go in ya kwana sai ya tashi went, kamar ba gida ɗaya suka fito ba. Waɗannan ba su bin ƙa'ida, haddace su ake yi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ga harafin nan guda, wato s, da jiya ka gaya wa yaro alamar yawa ne a jikin suna, yau kuma ka ce masa in ya hau kan aiki alamar mutum ɗaya ne. In yaro ya tsani Turanci bayan wannan, ni ban ga laifinsa ba.

Abin da Hedimasta Bala ya fi tsanani a kai shi ne duba littattafai. Yakan ce, "Kure guda in ka bar shi ya kwana cikin littahin yaro, kahin gobe ya haihu." Har yadda ake yin alamar maki shi ya koya mini, gajeruwar ƙafa da doguwar jela mai lanƙwasa, ya ce kada in kuskura in yi ta sai na karanta kowane harafi. Shekara uku na yi a ƙarƙashinsa. Na sha faɗa har na saba, kuma har gobe in na tuna shi sai na yi masa addu'a.

Aka mai da ni gida, Maradun, daidai lokacin da aikin dam ɗin Bakolori ya kankama. Wanda bai ga shekarun nan da idonsa ba, ko na faɗa masa zai ce ƙari nake yi. Garin da a da in mota ɗaya ta shigo sai yara sun raka ta har tasha, sai ga katafila da tifa suna wucewa kamar jerin tururuwa. Turawan Italiya da gajeren wando da jan wuya, magina daga kudu, direbobi daga Kano, masu shayi da burodi a kowace kwana. Ranar Talata kuwa kasuwar Mafara ba masaka tsinke. Kowa yana neman aiki, kuma kowa ya gano cewa mai ɗan Turanci a baki shi ake fara ɗauka. Bayan La'asar nakan jingina allo a gindin tsamiya, leburori da direbobi da kafintoci su zazzauna a kan duwatsu. Su ba ruwansu da jiya da gobe, umarni suke so su gane: kawo, ɗaga, tsaya, ja da baya, kashe inji. Wani ya zo mini da albasa, wani da rake, wani da kifi, ban taɓa komawa gida hannu banza ba.

Wata rana wani direban tifa ya zo yana huci ya ce, "Tica, wutsiyan nan da kaka wahal da mu kanta, Baturen da muka aiki ƙarƙashinai bai sa ta ko sau guda." Na ce masa ai shi ma baƙo ne a harshen, kamar mu. Ya tafa hannu ya ce, "To in Bature bai iya Turanci ba, ni mi al laihina?" Aka yi ta dariya har aka kira Magariba. Kwanaki ne masu daɗi, ba zan ɓoye ba, kuma ina kewarsu.

Amma aikin da ya fi kowane tsaya mini a rai ba a aji na yi shi ba, ba kuma a gindin tsamiya ba. A gidan Malam Mudi na yi shi.

Malam Mudi malamina ne. A wurinsa na sauke Alƙur'ani, a wurinsa na karanta nahawu kafin boko ta ɗauke ni. Zaurensa na manya ne, masu neman ilmi: tela, mahauci, ɗan kasuwa, kowa da littafinsa da inda ya tsaya jiya. Da asuba su zo su zauna a tabarma, Malam yana kan buzunsa, littattafai a cikin gafaka a rataye a bango. Mutum ya karanta layi, Malam ya fassara, ya gyara, na gaba ya matso. Akwai wani tela, Ladan, da ya shekara huɗu a littafin fiƙihu guda, bai taɓa fashi ba. Malam ba ya karɓar komai a hannun kowa. Fadamarsa ce take ciyar da gidan da zauren: shinkafa da damina, in ruwa ya ja baya a sa dankali da albasa. Ni tun ina ƙarami tun daga nesa nake tuɓe takalmi in zan shiga wurinsa, kuma har na zama tica mai albashi ban taɓa zama daidai da shi ba.

Sai aka toshe gulbi, ruwa ya fara taruwa. Muna gani ya ci gonar wannan, ya ci ta wancan, har ya iso fadamar Malam. Filin da aka ba shi a madadinta tudu ne, fako, in ka sari ƙasa fartanya ce take kuka. Ga iyali, ga baƙin da ba sa yankewa a zaure. Ana cikin haka ya aiko a kira ni ranar wata Alhamis.

Na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi mahaifiyata da ƙafarta. Sannan ya ce:

"Umaru, ka ga abin da ruwa yay yi muna."

"Na gani, Allah shi gahwarta Malam."

"An ce makarantakku tana biɗar malamin Arabiyya guda. Amma sai an yi jarrabawa Mafara, kuma ciki akwai takardat Turanci, don mutum shi iya cika rajista, shi karanta takardar ohis. In na samu, da sahe ina can, da marece ina nan zaure. In ban samu ba, ƙanena ya aiko in kwashe iyali in iske shi Gusau. Zauren ga kuwa sai a ja mashi ƙyaure."

Na ce Allah ya sa a dace.

"Amin. Kai za ka koya min."

"Ni, Malam?"

"Akwai wani Umaru bayanka?"

Wata huɗu ya rage. Muka sa Alhamis da Juma'a, ranakun da ba a karatu a zaure, a ɗakinsa na ciki inda ba mai gani. Shi yana kan buzu, ni ina ƙasa daga gefe, littafin rubutu a tsakaninmu. Ban taɓa samun ɗalibi mai kaifin kai irin nasa ba, kafin nan ko bayan nan. Mutum ya ba hamsin baya, amma cikin mako biyu ya kama haruffa, hannunsa da ya saba tafiya daga dama ya koyi tasowa daga hagu. Da muka iso kalmomin aiki sai fuskarsa ta washe, ya ce, "Ai fi'ili na! Madi da mudari'i, wanda yaw wuce da wanda aka ciki. Ashe ko'ina ɗiyan Adamu abu guda suka yi." Na nuna masa wutsiyar nan ta abin da ya wuce. Ya ce madalla, ƙa'ida ke nan, kuma shi mutumin ƙa'ida ne.

Nan na shiga uku. Mako na gaba ya miƙo mini littafinsa da jimloli ashirin, rubutu tsaf kamar na ɗab'i, kuma duk wani aiki da ke ciki ya liƙa masa wutsiya. Goed. Eated. Buyed. Masu taurin kan nan duka ya tanƙwara su sun bi layi. Na zaro jan biro, na kai shi bakin takarda, hannuna ya ƙi. Wannan hannun da ya rubuta su shi ne ya riƙe nawa ya koya mini bambance harafin ba da harafin ta. Ta yaya zan soke masa rubutu da ja, a cikin ɗakinsa, yana kallona?

Sai na bi ta bayan gida. Na ce, "Allah shi gahwarta Malam, nan wurin, wasu sukan ce went."

Ya gyara zama cike da sha'awa ya ce, "Wasu? Ashe su ma Turawa akwai saɓani tsakanin malamansu. To in anka yi saɓani, ƙa'ida mutum ka riƙewa. Ko ba hakanan ba?"

Na ce hakanan ne. Na yi masa maki.

Ku da kuke karantawa yanzu za ku ce wannan ai wauta ce. Wauta ce. Amma ku tambayi duk wanda ya tashi a zaure ko ya taɓa ce wa malaminsa ya yi kuskure. Mu "wasu sukan ce" ita ce iyakar inda bakinmu yake kaiwa, kuma in malami ya ɗauke ta wata fuska, ba ka da ta biyu. Kowane mako ina shiga da niyyar yau zan faɗa masa, kowane mako ina fitowa na cika masa shafi da maki. Ina ce wa kaina ai Larabcinsa zai ɗauke shi, ai takardar Turancin 'yar ƙarama ce, ai masu dubawa za su ga rawani su sassauta. A aji ina soke wa 'ya'yan mutane kuskure ba sani ba sabo, a ɗakin Malam kuwa kuskure yana kwana yana haihuwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malam ya hau motar kasuwa ya tafi Mafara ya rubuta jarrabawa. Da sakamako ya fito, Larabci ba wanda ya kama ƙafarsa, Turanci kuwa ya faɗi. Wurin da yake nema a makarantarmu aka ba wani saurayi, mutumin kirki, ba shi da laifin komai.

Malam ba mai barin abu a duhu ba ne. Ya koma Mafara da littafin rubutunsa ya ce a nuna masa inda ya ɓata, tun da ga shi wata huɗu ba a taɓa samunsa da kure ba. Cikin masu duba takardun kuwa akwai Hedimasta Bala. Ya buɗe littafin, ya ga gajeruwar ƙafa da doguwar jela a kowane layi, bai ma tambayi wanda ya duba ba. Daga baya na ji abin da ya ce: "Malam, wanda yad duba littahin ga ya san daidai, don ni nik koya mashi. Tsoronka shika yi."

Kwana uku Malam bai neme ni ba. A na huɗu, da hantsi, bayan masu karatu sun watse, ya aiko.

"Zamna, Umaru. Lokacin da kaka karatu gabana, in ka ɗora wasali inda ba wurinai ba, mi nika yi?"

"Kana gyara min, Allah shi gahwarta Malam."

"Gaban mutane ko ɓoye?"

"Gaban mutane."

"Ka taɓa jin na rena ka?"

"A'a."

"To ni mi niy yi maka, da kab bar ni cikin kure wata huɗu, kana kallo, kana sa min hannu?"

Na ce kunya ce.

"Kunya," ya ce, kamar yana ɗanɗana kalmar. "Likita in ya ji kunyar majinyaci, sai a biɗi likkahani. Na zo gare ka ina biɗar malami, kai ko kab ba ni ɗalibi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba, Umaru."

Bai ɗaga murya ba. Wallahi da ya ɗauki bulala ya zane ni, da ya fi mini sauƙi. Na fito daga zauren ban san ƙafar da na sa wa wane takalmi ba.

Hedimasta Bala ya gaya wa Malam za a sake jarrabawa baɗi, kuma ana maganar buɗe wata makaranta a sabuwar unguwar da aka yi wa waɗanda ruwa ya tasa. Malam ya ce zai jira. Shekarar jiran nan ita ce mummunar shekara. A wajenmu ruwa ya cinye ƙasa, a wajen Bakura kuma gulbi ya daina ambaliya, fadamu suka bushe. Manoma suka fusata suka tare hanyoyi, aiki ya tsaya, ajina na gindin tsamiya ya watse, a makaranta ma rabin benci babu kowa. Abin da ya faru a wajen Birnin Tudu kuwa ba zan buɗe bakinsa a nan ba, waɗanda suka rasa nasu suna nan da rai. A gidan Malam sau ɗaya ake ɗora tukunya. Masu karatu ne suke zuwa da kwanon dawa a ƙarƙashin riga su ajiye a bayan ƙyaure, don sun san in ya gani ba zai karɓa ba.

Cikin wannan hali muka sake fara darasi, amma wannan karon shi ya shimfiɗa sharaɗi. Ba a ɗakin ciki ba, a zaure, a gaban ɗalibansa. Ya sauka daga buzu ya zauna a tabarma kusa da Ladan tela, ya sa aka jingina allona a bango, ya ce in tsaya a tsaye. Ranar farko da na soke masa kalma, biro sai da ya huda takarda. Malam ya dubi jan layin ya ce, "Madalla. Ƙara."

Na yi masa bayanin masu taurin kan nan a fili, na ce ba saɓani ba ne, haka kawai masu harshen suke faɗa. Ya bugi cinyarsa ya ce, "Sama'i ke nan! Abin da aka ɗauka yadda anka ji shi bakin masu shi, ba a yi mashi ƙiyasi. Ai mu ma muna da su. Da ka hwaɗa min bara, da mako guda ya ishe ni." Haka kuwa aka yi, ya haddace su kamar yadda yake haddace baiti. Da ya ji labarin da'irar Hedimasta Bala sai ya ce a zana masa a ƙofar zaure. Na ce ai na yara ne. Ya ce shi ma a nan yaro ne. Har yau in na rufe ido ina ganinsa, da rawani da babbar riga, ya tattare ta da hannu ɗaya, yana taka jiya yana tsallakawa yau, mahauci da tela suna toshe baki kada dariya ta kuɓuce.

Ya sake zuwa Mafara, ya ci jarrabawa, har da yabo. Amma makarantar sabuwar unguwa ba a buɗe ta ba, rikici ya sha kanta, wurin makarantarmu kuma yana da mai shi tun bara. Inda ya rage shi ne can Gidan Goga. A lokacin in damina ta kama, zuwa can da dawowa ba aikin yini ɗaya ba ne. Aka ce ko ya karɓa ko ya bari. Ya ce gara ya ci guminsa a ƙauye da ya zauna a inuwar ƙane a birni.

Ranar tafiya muka ɗora gafakokinsa a motar kasuwa, aka ɗaure buzun a kan akwati. Ladan tela ya zo da littafin fiƙihunsa a hammata, saura babi uku ya sauke. Malam ya buɗe inda suka tsaya, ya sa tsinke, ya ce in Allah ya dawo da shi za su ɗora. Ya yi wa kowa addu'a, ni ma ya yi mini, mai tsawo. Bai tayar da maganar bara ba, ranar nan ko bayanta. Aka ja wa zauren ƙyaure. Ba a sake karatu a cikinsa ba, don Malam a can ya ƙarasa rayuwarsa, kuma na san shekara ɗayan nan da ta raba shi da garinsu ni na ɓatar masa da ita.

Bayan kamar wata guda direban motar ya kawo mini takarda a ninke. Layi huɗu ne da Turanci, da rubutun nan nasa mai tsafta. Ya ce ya isa lafiya. Ya ce yara suna da yawa kuma suna da ƙoƙari. Ya ce ɗakin da aka ba shi yana yoyo. A layin ƙarshe ya ce bai so barin garinsu ba. Da Hausa bai taɓa faɗa wa kowa wannan maganar ba. A ƙasa kuma ya ƙara da ajami: "Umaru, duba, in akwai kure ka gyara ka maido min."

Na karanta ta sau ba adadi, harafi bayan harafi, ina neman ko da kuskure ɗaya da zan mayar masa da shi. Babu. Na rubuta a ƙasa cewa komai daidai ne, na ba direba.

Ranar kasuwa ta zagayo, direba ya tsaya a ƙofar makaranta ya leƙo ta taga da takardar a hannunsa.

"Tica, Malam yana gaishe ka. Ya ce ka sake dubawa."